'Yan Badujala Da Kiɗan Fim: Wa Ya Ci Ladan Busa?

Mai karatu, in ka taɓa kallon fim ɗin nan na Amurka mai suna Star Wars, wanda ya fito a 1977, ba sai na tuna maka yadda yake farawa ba. Kafin ka ga fuskar ko da ɗan wasa ɗaya, wata irin busa ce za ta daki kunnenka, mai kaifi, mai ɗaga tsikar jiki, kamar an wangale ƙofar fada. Sunan wanda ya tsara kiɗan sananne ne, wato John Williams. Amma da wuya ka samu mai gaya maka sunan mutumin da ya ɗora leɓensa a bakin ƙahon ya fitar da wannan amo. Sunansa Maurice Murphy, kuma wannan shi ne aikinsa na farko bayan da babbar ƙungiyar makaɗa ta London Symphony Orchestra ta ɗauke shi a matsayin shugaban masu busa tirampet.

To, a ina Murphy ya goge? A cikin 'yan badujala. Ya yi shekaru yana jagorantar masu busa konet a ƙungiyar Black Dyke, wadda asalinta ta ma'aikatan wata masaƙa ce a yankin Yorkshire na Ingila. Irin ƙungiyoyin nan ne masu sa inifom su bi titi suna busa, yara na bin su a baya.

Na kawo wannan ne saboda akwai wani raini da ake yi wa kiɗan badujala, a can Turai da ma nan gida. Ana ɗaukarsa kiɗan fareti kawai, na daidaita ƙafar kurata, wanda ba ya buƙatar wata basira in ban da ƙarfin huhu. A nawa ganin wannan rashin adalci ne. Kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yawancin abin da muke ji muna yabawa a manyan finafinai, daga kayan busar har masu busawa, daga filin fareti suka fito.

Mutum goma sha ɗaya a layin baya

Bari mu fara da yadda babbar ƙungiyar makaɗan Turawa, wadda suke kira okestira, take amfani da kayan busa na tagulla. A irin wannan ƙungiya za ka iske masu goge, manya da ƙanana, sun kai mutum 60. Su ne a gaba, su ne kuma ba sa hutawa. Can a baya ne za ka hango masu tagulla, galibi mutum 11: huɗu masu naɗaɗɗen ƙahon da ake kira hon, uku masu tirampet, uku masu tirambon, wanda ake ja ana turawa, sai mutum ɗaya rungume da wani ƙaton abu mai suna tuba. Ba tuban barin zunubi ba, sunan kayan ke nan.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, yawancin lokaci waɗannan mutane zaune kawai suke suna ƙirga. A dogon kiɗan nan na Beethoven, simfoni na 5, wanda aka fara yi a 1808, masu tirambon sai sun zauna shiru babi uku cur, sannan a farkon babi na huɗu su shigo gaba ɗaya. A simfonin Dvorak na 1893, wanda ya rubuta a Amurka, mai tuba amo 14 kacal aka rubuta masa a cikin kiɗan da ya haura minti 40. Ya zo, ya sa kwat, ya busa sau 14, ya koma gida.

Kada ka ce ɓarnar albashi ce. Hikimar ke nan. Tagulla kamar yaji take a miya: in ya yi yawa ba a jin ɗanɗanon komai, in babu shi kuma miyar ta yi lami. Shigowar tirambon a wancan kiɗa na Beethoven tana girgiza mai sauraro ne domin an hana shi jin ta na kusan rabin awa. Sannan ka duba nauyin da ke kan mai busar. Mai goge in ya yi kuskure, akwai mutum goma a gefensa da za su rufa masa asiri. Mai tirampet kuwa shi kaɗai ne a kan layinsa. Ya daɗe zaune, leɓensa ya huce, ƙarfen ya yi sanyi, kuma dole amon farko ya fita daidai. In ya kuskure, har na kujerar ƙarshe sai ya ji. Irin wannan ƙarfin zuciya ba a koyonsa a littafi. Wanda ya saba busa a titi, cikin sanyi da iska, yana tafe yana karanta 'yar takardar da aka maƙala a jikin ƙahonsa, shi ya fi kowa mallakarsa.

Kayan da suka ɓace, da waɗanda suka maye gurbinsu

Duk kayan busa na tagulla hanyarsu ɗaya ce. Ba iska kawai ake hurawa ba, leɓe ne ke karkarwa a bakin bututun, bututun kuma ya ƙara masa murya. Matsalar ita ce, bututu mai tsayi ɗaya amo kaɗan yake iya bayarwa. Shi ya sa begilar soja ba ta wuce amo biyar ko shida, shi ya sa kuma duk kiran begila yake kama da juna. Ɗaruruwan shekaru Turawa suka yi suna fama da wannan.

Maganin ya zo a 1818, lokacin da wasu Jamusawa biyu, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, suka yi rajistar abin da makanikai za su kira bawul. Ka danna shi da yatsa, iska ta bi ta wani ƙarin bututu, tsayi ya canza, amo ya canza. Shi Blühmel ɗin makaɗi ne a ƙungiyar masu busa ta wani kamfanin haƙar ma'adinai. Ita ma tuba, a 1835 aka yi rajistarta a Berlin, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro ta, Wilhelm Wieprecht, ya yi suna ne wajen tsara badujalar soja. Haka Adolphe Sax, mai saksafon, wanda ya yi rajistarsa a 1846: sojan Faransa ne manyan masu sayen kayansa. Wato dai soja da leburori ne suka fara rungumar sababbin kayan, manyan ɗakunan kiɗa suka biyo baya suna jan ƙafa.

Zuwan tuba ya kori wasu tsofaffin kaya. Akwai wanda ake kira maciji, saboda lanƙwasarsa: itace ne aka sassaƙa aka rufe da fata, da ramuka shida na yatsu, muryarsa a dishe, kamar ta wani dabba a cikin rami. Akwai ofikilaid, wanda aka ƙera a Faris a 1817, wanda Berlioz ya rubuta wa kiɗa a 1830. Yau sai ka yi da gaske kafin ka ga mai busa su. Amma ka san inda macijin nan ya sake ɗago kai? A fim. Bernard Herrmann ya nemo shi a Journey to the Center of the Earth na 1959, Jerry Goldsmith kuma ya sa shi a fim ɗin ban tsoron nan, Alien, na 1979. Suna da tuba a hannu, mai tsabtar murya, amma suka ƙi. Abin da suke nema shi ne amon da kunnen mai kallo bai san shi ba, domin tsoro daga rashin sani yake zuwa.

Wasu kayan kuma saboda kiɗa ɗaya tak aka ƙera su. Richard Wagner ya rasa wata murya tsakanin hon da tirambon, sai ya sa aka yi masa wani sabon ƙaho da har yau ake kira da sunansa, aka ji shi a jerin wasanninsa huɗu da aka nuna a 1876. Shi kuwa Verdi, da zai yi wasan waƙe na Aida, wanda aka fara nunawa a Alƙahira a 1871, sai ya sa aka ƙera masa dogayen ƙahoni shida miƙaƙƙu domin fitowar mayaƙan Fir'auna da suka ci yaƙi. Mai karatu, in ka ga hoton waɗannan ƙahoni za ka ce ƙannen kakaki ne. Kai, ko ƙahonin nan biyu da aka tono a kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, da gidan rediyon BBC ya so duniya ta ji muryarsu a 1939, wani sojan badujala ne, James Tappern, aka ba ya busa.

Darasin da ke nan a fili yake. Waɗannan mutane ba su yarda cewa amo amo ne ba. In labari ya nemi wata murya, sai an nemo ta, ko da za a je gidan tarihi ko wurin maƙeri.

Fim ɗin da ya ba su haƙƙinsu

In kana son ka ga darajar badujala da idonka, nemi Brassed Off, fim ɗin Ingila na 1996 wanda Mark Herman ya rubuta kuma ya ba da umarni. Labarin wani gari ne na masu haƙar kwal, Grimley, inda ake shirin rufe mahaƙar da kowa ke ci daga gare ta. Garin yana da ƙungiyar busa da ta haura shekara ɗari. Shugabanta, Danny, wanda Pete Postlethwaite ya fito a matsayinsa, tsoho ne da ƙurar kwal ta cinye wa huhu, amma shi ba abin da ya dame shi sai gasar ƙasa da za a yi a Landan. Yaransa kuwa tunanin abin da za su ci gobe suke yi. Ɗansa Phil bashi ya yi masa katutu, har ya koma sa kayan barkwanci yana wasa a bikin yara, matarsa ta kwashe 'ya'ya ta tafi.

Labarin ba ƙage ba ne zalla. A watan Oktoba na 1992 gwamnatin Birtaniya ta ba da sanarwar rufe mahaƙun kwal 31, ciki har da ta garin Grimethorpe. 'Yan kwanaki bayan haka ƙungiyar busa ta wannan mahaƙa ta je ɗakin taro na Royal Albert Hall ta cinye gasar ƙasa. A 1993 aka rufe mahaƙar. Kuma wannan ƙungiya ce da kanta ta busa kiɗan da ake ji a fim ɗin.

Wurare biyu nake so ka lura da su. Na farko, inda Gloria, budurwar da ta dawo garin, ta shigo ɗakin gwaji da ƙahon kakanta, wani mai taushin murya da ake kira fulugelhon. Mazan suna yi mata kallon raini. Sai ta fara busa wani sanannen kiɗa na Rodrigo, mutumin Sifen, wanda asalinsa don jita aka rubuta. Daraktan bai tsaya a kan fuskarta ba. Yana yankawa zuwa inda shugabannin ƙungiyar ƙwadago da na kamfani suke zaman yanke wa garin hukunci, ba ka jin abin da suke faɗa, busar kawai kake ji. A minti kaɗan an gaya maka abin da shafi goma na magana ba zai iya ba. Na biyu, daren da aka kwantar da Danny a asibiti, yaransa suka taru a ƙarƙashin tagarsa da hulunan aikinsu masu fitila a goshi, suka yi masa busa a hankali, ƙasa-ƙasa. Duk mai cewa tagulla ba ta iya komai sai ihu, ya kalli wannan wuri. Mutum ashirin da 'yan kai suna busa kamar numfashin mutum ɗaya, wannan ya fi ihu wuya nesa ba kusa ba.

Fim ɗin yana da nasa rauni. Soyayyar Gloria da Andy, wanda Ewan McGregor ya fito a matsayinsa, ba ta da nauyi. Kana gani ka san an saƙa ta ne don kada a ce babu soyayya, ciwon da mu ma muka sani a finafinanmu. Jawabin da Danny ya yi a ƙarshe, inda ya ƙi karɓar kofi ya juya yana caccakar gwamnati, yana da zafi kuma ɗan wasan ya yi ƙoƙari, sai dai ya zo ne bayan kiɗan ya riga ya gama faɗar maganar. Duk da haka fim ɗin ya yi abin da ba kasafai ake yi ba: ya nuna cewa ga talakan da aka raba da sana'arsa, ƙungiyar busa ita ce sauran mutuncin da ya rage masa. Bai kuma ɓoye aibinsu ba, domin akwai inda suka je gasar maci a ƙauyuka suka sha suka bugu, suka yi busar da ta kunyata shugabansu.

Masu suka suna da tasu hujja

Gaskiya ɗaya ce, kiɗan maci yana da iyaka. An yi shi ne don tafiya, taku kusan 120 a minti ɗaya, ba gaggawa ba jinkiri. An yi shi don fili, inda amo mai laushi ke ɓacewa a iska, don haka ƙarfi ya fi yawa. Mai tafiya yana busa ba zai taɓa daidaita amo kamar na zaune ba. Kuma da yawan abin da ake busawa a fareti maimaici ne, yau shi gobe shi. Wanda ya ce ba zai zauna awa biyu yana sauraren maci zalla ba, ban ga laifinsa ba.

Amma a auna abu da abin da ya haifa. Gustav Holst, wanda shi kansa mai busa tirambon ne, ya rubuta wa badujalar soja kiɗa na musamman a 1909, Edward Elgar kuma ya rubuta wa gasar ƙungiyoyin tagulla a 1930. Gustav Mahler ya tashi a garin da ke da barikin soja, kuma maci da kiran begila sun cika manyan ayyukansa. Simfoninsa na 5 da tirampet guda ɗaya tilo yake buɗewa. Louis Armstrong a gidan gyara halin yara na New Orleans ya koyi konet, a 1913, cikin ƙungiyar da ke bin titi. A Indiya, Manohari Singh, na hannun daman R.D. Burman wajen tsara kiɗan finafinan da iyayenmu suka haddace, a ƙungiyar busa ta kamfanin takalma na Bata ya fara. Itacen da ya ba da waɗannan 'ya'ya ba a ce masa juya.

To, mu fa?

Nan ne maganar ta dawo gida. Kiɗan taken Nijeriya da aka yi amfani da shi daga 1978 zuwa 2024, Ben Odiase ne ya tsara shi, shugaban badujalar 'yan sanda. Kiɗan hayilayif da ya mamaye Afirka ta Yamma, na su E.T. Mensah da Victor Olaiya da Rex Lawson, a kan tirampet ya tsaya, kuma badujalar soja da ta 'yan sanda na cikin tushensa. Fela ma tirampet ya fara riƙewa kafin saksafon. A Arewa, marigayi Bala Miller ya nuna cewa waƙar Hausa tana zama daram a kan kayan tagulla.

Tun kafin wannan duka muna da namu. Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kakaki amo biyu ne kusan duk abin da yake da shi, amma da su yake kiran sarki, yake yi masa take, har wanda ke bayan gari ya san an fito. Ba a busa shi don kowa, kuma ba a busa shi koyaushe. Ka ga ashe hikimar nan ta Beethoven, ta ɓoye tagulla sai lokacin da ya dace, fadojinmu sun daɗe da saninta. Ga farai, ga ƙaho, ga algaita, kowanne da muryarsa da wurin da ake jin sa. Masu iya su kuwa raguwa suke yi, domin sana'ar gado ce, 'ya'yan kuma sun ga ba ta biyan kuɗin makaranta.

Amma me muke ji a finafinanmu? Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyano ya zama sarkin sitidiyo, har zuwa yau da kwamfuta ta karɓe shi, in an zo wurin fitowar sarki sai yaro ya danna maɓalli, wani amo mai kama da ƙahon roba ya fito. Furodusa zai kashe kuɗi a kan dawaki da alkyabba da rawani, ya ɗauko 'yan wasa masu tsada, sannan ya bar muryar sarautar ga na'ura. Ban raina masu fiyano ba. Da ɗan abin da ke hannunsu suka gina masana'anta guda, kuma sun cancanci yabo. Sai dai akwai abin da na'ura ba ta da shi. Mai busa yana jan numfashi, amonsa yana farawa da ɗan kaushi, ya kumbura, ya yi rawa kaɗan in ya gaji. Wannan ajizancin ne kunne ke ji ya san mutum ne. Na fiyano kuwa yadda ya fara haka zai ƙare, sumul, ba rai.

Za a ce kuɗi. To, nawa ne ladan mai kakaki na yini ɗaya in an kwatanta da kuɗin hayar motar da jarumi zai fito da ita a waƙa? Rundunar 'yan sanda da ta soja suna da ƙungiyoyin badujala, cikinsu akwai mutanen da suka iya karanta kiɗa a rubuce, abin da da yawan masu sitidiyo ba su iya ba. Akwai na makarantu da na ƙungiyoyin matasa. Ana iya neman izini a ɗauko mutum huɗu ko biyar, a naɗi busarsu da makirfo mai kyau. Ba kowane fim ke buƙatar haka ba, kuma wanda ke buƙata ma ba daga farko har ƙarshe ba. Wuri ɗaya ya isa: mutuwar sarki, dawowar soja daga daji, ranar da aka yanke wa wani hukunci. Amo 14 ma sun isa, in an san inda za a sa su.

Abin da nake jin tsoro shi ne ranar da wani darakta mai hankali zai tashi neman kakaki na gaske don fim ɗin tarihi, ya tarar sai dai a gidan ajiye kayan tarihi, kamar yadda macijin Turawa ya koma. Su sun yi sa'a, sun samu masu tono nasu. Mu namu yana nan da rai tukuna, masu busa shi suna zaune a ƙofar fada suna jiran Sallah.

Don haka mai karatu, in ka sake cin karo da 'yan badujala ranar bikin 'yancin kai ko a filin fareti, dakata kaɗan. Kada ka tsaya a kan mai jefa sanda sama. Nemi na can baya, mai rungume da ƙaton ƙaho, ka saurari abin da yake yi a ƙarƙashin sauran. In kuma kai furodusa ne, ka jira a tashi, ka je ka gaishe shi, ka tambaye shi ko yana da lokaci ranar Asabar.